Sharfaddeen da Kwamfutar Terkula

A unguwar Dogo Nini ta Potiskum babu wanda bai san Sharfaddeen ɗan Alhaji Shehu mai atamfa ba, amma in ka ce sai ka samo mutum ɗaya da ya taɓa jin daɗin zama da shi, to ka shirya shan yawo. Dogo ne siriri, kullum hanci a sama, yana tafiya kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Girman kan nasa dai mutane sun daɗe da sabawa da shi, don unguwa ba ta rasa irinsa. Abin da ya sa ake kawar da kai in ya gifta shi ne yadda ya yi da wata kwamfuta da matar wani marigayi ta bar masa amana.

Kakansa ne ya zo daga Kano da dilar atamfa ya kafa rumfa a kasuwar Potiskum, uban ya gada, 'yan'uwansa kuma duk suka tashi da bakin ciniki. Sun iya jan Bafulatanin da ya sayar da sa a kasuwar shanu da hira da dariya har sai ya ɗauki turmin da bai yi niyya ba. Shi kuwa gogan naka, ranar farko da aka zaunar da shi a rumfa, wata tsohuwa 'yar Fika ta zaɓi atamfa, ya dube ta ya ce wannan zanen ai na marasa wayewa ne. Alhaji bai sake gigin ba shi tsaron rumfa ba. Aka tura shi kwalejin fasaha ya karanta kwamfuta, ya dawo gida kafin 'yan ajinsu, wai malaman ba su da abin da za su koya masa. Waɗanda suka yi karatu tare da shi sun ce jarrabawa ce ta yi waje da shi.

Terkula ne ya rufa masa asiri. Mutumin Binuwai ne, ɗan ƙabilar Tibi, mai ɗaukar hoto da bidiyo, shagonsa na bakin babban titi inda tireloli ke wucewa Maiduguri. Ya daɗe a garin har ya fi wasu 'yan gari sanin lunguna, kuma da wuya a yi biki ko suna ko walimar sauka ko taron coci ba a gan shi da kyamara a kafaɗa ba. Shi ya ware wa Sharfaddeen kusurwa a shagon, da benci da wuta daga janaretansa, ya ce ya riƙa gyaran kwamfuta yana samun na sabulu.

Terkula yana da wata ɗabi'a: bakinsa ba ya shiru in yana ɗauka. Sai ka ji shi daga bayan kyamara yana cewa Hajiya ta matso kusa da amarya, ko yana tsokanar ango ya ɗan saki fuska tunda ba kotu aka kawo shi ba, sannan ya fashe da dariyar nan tasa mai kama da tari. Ba a ganin fuskarsa a bidiyo ko ɗaya, amma muryarsa tana cikin faifan kowane gida. Mutane sun fi son haka. Sharfaddeen ne kaɗai ke cewa ƙazamin aiki ne, kuma yakan faɗa ne da rana, bakinsa cike da sakwarar da Msurshima matar Terkula ta aiko musu shago.

A wannan kusurwar ne cutar tasa ta kama shi. Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tuƙa ta, wadda in babu ita to ƙarfe ne kawai. Jama'a suna amfani da wadda suka tarar a ciki, su yi aikinsu su tashi. Sai Sharfaddeen ya samo faifan wata irin wannan manhajar mai suna Linux a Kano, ya kuma ji cewa akwai mutanen da ke zama su gina tasu manhajar daga tushe, guntu bayan guntu, ba sa sa komai sai abin da ya zama dole. Shi ke nan aka rasa kansa. Ya rantse sai ya gina tasa, ya ma raɗa mata suna tun kafin a haife ta: Zalla. Hanyar aikinsa ɗaya ce. Ya cire abu guda, ya kashe inji, ya sake kunnawa. In ya tashi, to abin nan dama kaya ne na banza. Ya ishi teburin mai shayi da wannan wa'azin, yana kallon masu kallon fim a waya kamar kashi, yana cewa duk kwamfutocin garin nan jakuna ne da aka yi wa lodin shara.

Matsalarsa ita ce 'yar kwamfutarsa ta hannu tsohuwa ce. Harhaɗa manhaja aiki ne da ke cin wuni guda inji yana ta nishi, ita kuwa da ta ɗauki zafi sai ta mutu a tsakiya. Injin da ya dace da aikin shi ne wanda Terkula ke tace bidiyo da shi, ƙato, mai babban rumbun ajiya. Sharfaddeen ya roƙa ya sake roƙa. Terkula ya yi dariya ya ce masa wannan gonarsa ce, ba a gwajin garma a cikinta.

Sai shekarar 2012 ta zo da abin da ta zo da shi. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita, bukukuwa suka koma na cikin gida ba kiɗa ba taro. Terkula ya ɗauke babban injin ya kai gida don ya riƙa aiki in doka ta kulle mutane. Wata la'asar a ƙarshen damina 'yan bindiga suka afka wa layin shagunansu. An harbe Terkula yana ƙoƙarin sa kwaɗo a ƙofa, shagon ya ƙone da kyamara da faya-fayan da ke ciki. Sharfaddeen ya tashi daga shago da wuri ran nan, yana gida aka kai masa labari. Ya yi kuka, wannan kam ba mai musawa.

A watannin nan mutanen Kudu da na tsakiyar ƙasa suna ta barin gari, kuma abin da mota ba za ta ɗauka ba maƙwabci ake bar wa. Wannan ya bar keken ɗinki, wancan firji, wani makullin gida gaba ɗaya. Mutanen Potiskum sun riƙe irin wannan ajiya da gaske. Akwai tsohuwar da aka bar wa awaki, ta yi ta kiwonsu suna haihuwa a tsakar gidanta, ko ranar da tukunyarta ba ta hau wuta ba ba ta taɓa tunanin kai ɗaya kasuwa ba. Msurshima ta so ta tafi Gboko da kwamfutar mijinta, direba ya ce ko kusa. Akwatin ƙarfe mai wayoyi a wannan zamani, kowane shingen sojoji sai an sauke fasinja kaf an kwance kaya. Don haka ta ɗoro ta a keke Napep, ita da 'yarta Olivia, suka kawo ta gidan Alhaji Shehu.

A zaure ta same shi. Ta ce masa bikin zagayowar aurensu yana ciki, da ranar da aka yi wa Olivia baftisma, da duk wasan da uban ke yi da ita a tsakar gida. Terkula ya cika gari da faifai, amma na gidansa kullum sai gobe, bai taɓa sauke ko ɗaya ba.

"Sharfa, ba kuɗin injin nake ji ba," in ji ta. "Muryanshi yana ciki. Yarinyan nan ƙarama ne, za ta manta. Ka ajiye mini, zan dawo."

"Ki kwantar da hankalinki, Maman Olivia. Amana ce."

Ya san sarai cewa duk abin da take magana a kai yana cikin rumbu ne, shi kuwa rumbun bai wuce tafin hannu ba. Kwance noti kaɗan ne, ya naɗe mata a ɗankwali ta jefa a jakarta, babu sojan da zai ko kalla. Wannan aikin ya yi wa mutane shi ba adadi. Tunanin ya zo masa a zauren nan, ya dubi injin da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kansa, ya ja bakinsa ya tsuke. Har bakin titi ya raka su yana yi musu addu'ar sauka lafiya.

Ramlat, matar Sharfaddeen, ita ta share kwamfutar ta lulluɓe ta da sabon zane ta ɗora a kan durowa. Ta zauna a nan watanni, shi kuma yana wucewa yana satar kallonta. A tsakiyar 2013 aka katse sabis ɗin waya a jihar baki ɗaya. Mai son gaida ɗan'uwa sai ya hau mota ya nufi wajen Azare. Aikin gyara ya tsaya, intanet babu, gogan naka ya rasa wanda zai yi wa iyayi. Faya-fayan da ya tara na ginin Zalla kuwa suna nan a leda. Wata safiya ya sauko da injin, ya ce wa Ramlat ƙarfe in ya daɗe ba a kunna shi ba danshi na lalata shi, taimakon Maman Olivia zai yi.

Ramlat ta ce masa ajiya ba a buɗe ta. Ya tambaye ta a wace makaranta ta karanci kwamfuta.

Da ya shiga rumbun sai ya tarar da Potiskum ɗungurungum a ciki. Bikin Ngizim, bikin Karai-Karai, kamun amaryar Bolawa, mawaƙan coci da fararen riguna, 'yan sauka da allunansu. Ya yi ta buɗewa yana yatsina fuska, yana tsaki, yana mamakin yadda za a ba inji mai daraja irin wannan aikin ajiye rawar ƙauyawa. Ramlat tana tsakar gida tana tsince shinkafa ta jiyo dariyar nan mai kama da tari daga ɗaki. Ta saki tire ta zo bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Baban Abu, wannan ai muryar Oga Terkula ce."

"Hayaniya ce," ya ce, ya rage sauti.

Lissafinsa mai sauƙi ne, kuma a ganinsa babu mai ja da shi. Masu bikin nan kowa ya karɓi faifansa, Maman Olivia kuma ba bikin wasu ta ba shi ajiya ba. Bai tsaya ya tuna cewa muryar mijinta ce ta ba shi ajiya ba, kuma muryar tana cikin kowane ɗaya daga cikinsu. Ya goge su tas, wuri ya samu. Bayan kwana biyu ya bi manhajojin tace bidiyo, tunda mai tacewar ya riga mu gidan gaskiya. A filin da ya share ya fara gini. Ya harhaɗa ƙwayar manhajar, ya ɗora mata 'yan kayan aikin da ba makawa sai da su, ya yi ta cirewa yana kashewa yana kunnawa. Man janareta ya ƙare ya ɗebo na Alhaji. Gari na cikin halin da yake ciki, ana kai gawa ana dawowa, shi damuwarsa ita ce wani guntun da ya ƙi ciruwa ba tare da injin ya sume ba.

A gaskiya Zalla ta tashi, kuma a nan ya kamata ya tsaya. Amma tsohuwar manhajar Terkula tana nan a gefe guda na rumbun, tare da jakar da marigayin ya sa wa suna Gida, inda bidiyon iyalinsa suke. Wannan ya tsaya wa Sharfaddeen a rai kamar tsakuwa a shinkafa. Ta yaya abu zai amsa sunan Zalla alhali yana maƙwabtaka da tarkace? Ya yanke shawarar kwashe Gida ya zuba a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya wanke rumbun gaba ɗaya.

Filas ɗin da ya samu irin na 'yan talla ne a tasha, mai arha, wanda ake rubuta masa girman da ba shi da shi. Irinsa yana karɓar duk abin da ka zuba masa ba musu, ya nuna maka sunaye reras, alhali cikin fanko ne. Babu wanda ya kai Sharfaddeen sanin wannan a garin. Sau nawa ya kori mutane daga bencinsa yana kiransu jahilai don sun sayi irinsa? Amma zumuɗi ya ci shi. Ya zuba, inji ya ce an gama, ya ga sunaye sun jeru. Buɗe ɗaya ya gwada bai fi shan ruwa ba. Bai buɗe ba, don a tarihin rayuwarsa bai taɓa zaton aikin hannunsa na bukatar dubawa ba. Ya wanke rumbun, ya shimfiɗa Zalla a kai, ya yi ta rubutu a kansa yana gogewa har makonni.

Sai daga baya, wata rana yana neman inda zai ajiye wani abu, ya soka filas ɗin. Sunaye na nan. Ya buɗe baftismar Olivia, babu komai. Ya buɗe na gaba, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk fanko. Ya koma kan rumbun da duk dabarar da ya sani ta dawo da abin da aka goge, amma shi da kansa ya bi ta kai ya sake bi har babu ko ɓurɓushi. Ya zare filas ɗin. Sannan ya tashi ya zagaya bayi ya jefa filas ɗin a masai, ya wanke hannu ya fito. Da Ramlat ta tambaye shi ina kayan Maman Olivia, ya ce an adana.

Mai kunya da ya lulluɓe injin ya mayar kan durowa. Shi gayyato mutane ya yi su zo su ga abin al'ajabi. Ka danna maɓalli, kafin ka gyara zama ta tashi: baƙin allo, sunan Zalla da farin rubutu a sama, da wani ɗan layi yana ƙiftawa yana jiran umarni. Babu hoto, babu linzami, ko sauti babu, don shi ma ya cire shi ya ga inji ya tashi. Bubayaro mai cajin waya ya leƙa ya leƙa, ya tambaya to ta ina ake kallon fim. Sharfaddeen ya ce dama ba don irinsu aka yi ta ba. Aka tambaye shi to me take yi, ya buga wasu haruffa, ta nuna kwanan wata. Mutane suka yi masa sannu da ƙoƙari suka watse. Har yau ba a ji wanda ya taɓa amfani da Zalla ba in ba mai ita ba.

Da sabis ya dawo, Msurshima na cikin waɗanda suka fara kiransa. Ta gaida Alhaji, ta gaida Ramlat, sannan a hankali ta tambayi ajiyarta. Ga dama ta samu, faɗin gaskiya daga nesa ya fi sauƙi. Ya ce mata tana nan lafiya lau, har ma ya gyara ta, yanzu ta fi da. Ta yi ta sa masa albarka har katinta ya ƙare. Duk kiran da ta yi bayan wannan amsar ke nan, tun yana jin nauyin faɗa har ya daina ji.

Shekara ta kewayo, gari ya ɗan lafa, sai ga ta. Ita kaɗai ta zo, ta bar Olivia wajen kakarta, ta sha doguwar hanya da shingaye. Ta rame, amma fuskarta a sake. Ta kawo wa gidan Alhaji doya cike da buhu, manya-manya irin na ƙasarsu, ta durƙusa ta yi wa tsohon godiyar riƙe mata amana. Ta riga ta je kabarin mijinta da safe, ta kuma shirya da wani direban tirelar shanu da ya yarda ya ɗauki injin zuwa Kudu. Ta ce Olivia ta fara tambaya wai yaya muryar babanta take, ita kuma ta gwada kwaikwaya ta kasa. Abu ɗaya take roƙo kafin a sa a kwali: a kunna mata ta ji shi ko sau ɗaya, don ba za ta iya haƙuri har Gboko ba.

Sharfaddeen ya fita tayar da janareta, ya daɗe yana jan igiya fiye da yadda ya kamata, yana fatan ya ƙi tashi. Ya tashi. A hanyar dawowa ɗaki ya jera ƙarairayi yana auna su. Ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga? Tsawa ce ta faɗa? Sojoji ne suka zo bincike? Kowacce sai ya tuna shi da bakinsa ya ce ya gyara ta. Ramlat ta kawo wa baƙuwa ruwa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya ta harɗe hannu.

Ya danna maɓalli. Nan da nan baƙin allon ya bayyana, ɗan layin ya fara ƙiftawa. Abin takaici, ko a wannan lokacin sai da wani ɗan alfahari ya motsa masa a ƙirji, har ya buɗe baki zai ce ta ga saurin. Ya rufe.

Msurshima ta matso da kujerarta gaban injin, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗora hannuwa a cinya. Janareta na ta ƙara daga waje. Ta ga ya tsaya ƙiƙam yana zufa, ta zaci kunya yake ji don injin bai kawo ba, sai ta yi murmushi don ta sauƙaƙa masa.

"Kar ka damu, Sharfa, haka yake. Yana daɗewa. Oga yana kunna shi ya tafi wanka, ya dawo bai gama buɗewa ba. Zai kawo."

Ramlat ta kafe mijinta da ido daga bakin ƙofa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gyara wa gari magana, wanda bai taɓa barin kuskuren kowa ya wuce ba, ya dubi matar nan da ke murmushi gaban injin da ya riga ya gama buɗewa.

"Haka ne, Maman Olivia," ya ce. "Tana daɗewa."

Ya jawo kujera ya zauna a gefenta, suka zuba wa allon ido.